John Gagliardi, Kocin da Ya Ajiye Usur

Yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu sauka a wani ɗan ƙauye mai suna Collegeville a jihar Minesota, wadda ke iyaka da ƙasar Kanada. Wuri ne na tafkuna da itatuwa da sanyi mai ratsa ƙashi. A nan wani mutum mai suna John Gagliardi, wanda mutanensa ke kira Galardi, ya yi shekara 60 yana horar da 'yan wasan wata ƙaramar jami'a. Idan aka haɗa da shekara huɗu da ya yi a wata kwaleji kafin nan, inda ya riƙe ƙwallon ƙafar Amurka da ƙwallon kwando a lokaci guda, shekarunsa a bakin aiki sun kama 64. A tsawon wannan lokaci ƙungiyoyinsa na ƙwallon Amurka sun ci wasa 489, an ci su 138, an yi kunnen doki sau 11. Har yau babu kocin wata jami'a a Amurka, babba ko ƙarama, da ya kai shi yawan nasara a wannan wasa. Abin da ya sa na ɗauko labarinsa shi ne hanyar da ya bi, domin kusan duk abin da takwarorinsa suka ɗauka dole ne a yi kafin a ci wasa, shi watsi ya yi da shi.

Kafin mu shiga labarin, bari in ɗan share fage, don na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa zama sun kalli wannan wasa ba. Ƙwallon ƙafar Amurka ya fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kuma da hannu aka fi ɗaukarta ko a jefa. Tsawon filin yadi 100 ne tsakanin layin gida da layin gida. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10. Idan ya yi, a sabunta masa damar, idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo ya samu maki 6. Hanyar tsayar da mai gudu da ƙwallo kuwa ita ce a rungumo shi a kai shi ƙasa. Shi ya sa kowane ɗan wasa ke sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa, kuma shi ya sa karaya da targaɗe da buguwar kai suka zama ruwan dare a cikinsa. Saboda tsananin wasan, ƙungiyar jami'a ba ta cika buga fiye da wasa goma ko goma sha biyu a shekara ba. To ku auna da kanku irin shekarun da mutum zai yi kafin ya tara nasara 489.

Abu na biyu, jami'o'in Amurka hawa-hawa ne a fagen wasanni. A sama akwai manya irin su Michigan, wadda filin wasanta ke ɗaukar mutum fiye da 100,000, da Alabama, wadda ta kai tana biyan tsohon kocinta Nick Saban sama da dala miliyan 10 a shekara. Waɗannan suna ɗaukar nauyin karatun yaro don kawai ya buga musu wasa. A ƙasa kuma akwai rukuni na uku na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wanda aka kafa a 1973, mai ɗauke da makarantu sama da 400. A wannan rukuni haramun ne a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Yaro zai zo ya yi karatun lissafi ko tarihi ko shirin zama likita, da yamma ya sa kaya ya fito fili don sha'awa. A wannan duniya ta ƙananan makarantu Gagliardi ya ƙare rayuwarsa.

An haife shi ranar 1 ga Nuwamban 1926 a garin Trinidad da ke jihar Kolorado, garin masu haƙar kwal, a gidan 'yan asalin Italiya. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kira kocin makarantar sakandarensu zuwa aikin soja. Makaranta ta rasa wanda zai riƙe ƙungiya, har aka fara maganar a dakatar da wasan. Gagliardi yana ɗan shekara 16, kuma shi ma ɗan wasa ne a ƙungiyar. Sai ya karɓi ragamar horar da abokan karatunsa, yana koci yana kuma buga wasa.

Ku yi tunanin matsayin yaron nan. Ba shi da gemu, ba shi da takardar shaida, kuma waɗanda zai ba umarni sa'o'insa ne da suke zama aji ɗaya. Idan ya daka musu tsawa dariya za su yi masa. Don haka dole ta sa ya nemi wata hanya, kuma abu na farko da ya yi shi ne ya soke duk abin da shi kansa ya tsana lokacin da yake ƙarƙashin wani. Ya soke dogon motsa jiki marar ma'ana da zagaye fili a matsayin horo. Ya kuma soke wata doka da ta yi kaka-gida a wancan zamani, wato hana 'yan wasa shan ruwa lokacin atisaye. Masu horarwa na lokacin sun yi imani cewa ruwa na kawo ciwon ciki ga mai gudu, kuma ƙishirwa na sa namiji ya yi tauri. Shi kuwa yaro ya ce duk mai jin ƙishi ya je ya sha. Aka sha ruwa, babu wanda ya faɗi, ƙungiya kuma ta ci gasar yankinta.

Don ku san cewa wannan ba ƙaramin saɓa wa al'ada ba ne, ga abin da ya faru shekara goma sha ɗaya bayan haka. A 1954 shahararren koci Paul Bryant, wanda ake wa laƙabi da Bear, ya kwashi 'yan wasan jami'ar Texas A&M zuwa wani ƙauye mai suna Junction, a cikin fari da zafi mai tsanani, ya yi ta gasa musu aya a hannu ba tare da hutun shan ruwa ba. Fiye da rabinsu suka tattara kayansu suka gudu. Amma maimakon a zarge shi, sai labarin ya zama abin alfahari a Amurka, har aka rubuta littafi aka yi fim a kansa. Irin kocin da jama'a suka sani ke nan, kuma irinsa matasan masu horarwa suke kwaikwayo.

Gagliardi ya ci gaba da horar da 'yan sakandare yayin da yake nasa karatun a Colorado College, inda ya gama a 1949. A wannan shekara, yana ɗan shekara 22, Kwalejin Carroll da ke Helena, babban birnin jihar Montana, ta ɗauke shi aiki. Ƙaramar makaranta ce ta 'yan Katolika, ba ta da kuɗin ɗaukar koci ga kowane wasa. Saboda haka da kaka yana fili da 'yan ƙwallon Amurka, sanyi na shigowa ya koma zauren ƙwallon kwando, da bazara kuma ya ɗauki 'yan besbol. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasarmu ya san malamin wasanni, wanda shi ne mai ƙwallon ƙafa, shi ne mai guje-guje, shi ne mai ajiye makullin sito, kuma yana da ajin da yake koyarwa da safe. To haka kocin ƙaramar kwaleji yake a Amurkar wancan lokaci.

Ba shi kaɗai ba ne. Eddie Robinson, baƙar fata wanda ya fara aiki a 1941 a makarantar da daga baya ta zama Jami'ar Grambling a jihar Louisiana, shi ma ya haɗa ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando shekaru da dama. Shi ke shata layukan fili da hannunsa, kuma bayan an tashi wasa shi ke rubuta rahoton da za a aika wa jaridu. Ku riƙe sunan Robinson, za mu sake haɗuwa da shi.

A ganina wannan haɗa ayyuka ya taimaka wajen gina Gagliardi. Mutumin da ke da wasa uku a wuyansa, ga ƙarancin mataimaka, ba shi da lokacin ɓatawa a kan abin da ba ya ƙara maki. Dole ya tambayi kansa, wannan abin da muke yi, yana sa mu ci wasa ne, ko kuwa mun taras ana yi ne kawai? A shekara huɗu a Carroll ƙungiyarsa ta ƙwallon Amurka ta ci wasa 24, an ci ta 6, an yi kunnen doki sau ɗaya, ta kuma ɗauki kofin yankinta sau uku.

Masu sauraro, za mu ɗan dakata mu sha iska, yanzu za mu dawo.

[Kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, labarin John Gagliardi muke bayarwa, kocin ƙananan makarantu a Amurka.

A 1953 Jami'ar Saint John's da ke Collegeville ta nemi sabon koci. Makaranta ce ta maza zalla, wadda limaman Katolika 'yan ɗarikar Benedict, waɗanda asalinsu daga Jamus suka zo, suka kafa a 1857. Ɗalibanta ba su kai 2,000 ba. Wanda ya sauka daga kujerar ba ƙaramin mutum ba ne: Johnny McNally, da aka fi sani da Johnny Blood, tsohon tauraron ƙungiyar Green Bay Packers. An ce da zai tafi ya gaya wa sabon koci cewa babu mai iya cin wasa a wannan makaranta. Gagliardi kuma ya sha ba da labarin ganawarsa da limaman. Sun tambaye shi ko zai iya cin wasa ba tare da tallafin karatu ga 'yan wasa ba, ya ce ai dama bai taɓa samun irin wannan gata ba. Sun tambaye shi ko zai iya doke Saint Thomas da Gustavus, manyan abokan hamayyarsu, ya amsa da e, alhali a lokacin ko sunayensu bai sani ba. A kakarsa ta farko Saint John's ta samu rabo a kofin yankin Minesota, abin da rabonta da shi tun 1938. A nan ma ba wasa ɗaya ya riƙe ba. Ya horar da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle, ya kuma yi shekara biyar yana kocin hoki na kan ƙanƙara, wasan da bai taso yana bugawa ba.

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Da tafiya ta yi nisa, tsarin Gagliardi ya zama wani dogon jeri na abubuwan da ba a yi, har suka haura ɗari. Ba ya rataya usur a wuya. Ba ya yarda a kira shi Koci; John kawai, daga ɗan shekarar farko har mataimakansa. A wurinmu ɗalibi ya kira dattijo ɗan shekara tamanin da gatsal ɗin sunansa rashin tarbiyya ne, kuma ba ina cewa mu kwaikwayi wannan ba. Amma ko a Amurka abin baƙo ne, domin a can laƙabin Koci kusan sarauta ce, mutum na mutuwa da ita. Babu zagi, babu tsawa a fuskar yaro. Atisaye ba ya wuce minti 90. Babu tilasta ɗaga ƙarfe. Babu keken ƙarfen nan mai nauyi da 'yan wasa ke turawa da kafaɗa a kusan kowane filin atisaye na ƙasar. Babu littafin dabaru mai kauri da za a ba yaro ya haddace. Idan ruwan sama ya tsuge, ko zafi ya yi yawa, ko ƙwari suka dami mutane, sai a koma cikin zaure. Har motsa jikin fara atisaye ya mayar abin raha: akwai wanda 'yan wasa za su kwanta rigingine su dubi sama, kowa ya gaya wa na kusa da shi cewa yau gari ya yi kyau.

Ba ya korar kowa daga ƙungiya. Duk ɗalibin da ya zo yana son wasa za a ba shi riga, shi ya sa wasu shekarun 'yan wasansa kan haura 150, a wasan da mutum goma sha ɗaya ke shiga fili. Har lambobin riga sukan ƙare, a samu mutum biyu da lamba ɗaya. Duk ɗan ajin ƙarshe kuma kyaftin ne, ana karɓa-karɓa, kuma yakan yi barkwanci cewa hakan zai yi musu amfani a takardar neman aiki. Doka ɗaya ya ce yana da ita, wato ka yi wa mutum abin da kake so a yi maka.

Amma wanda ya fi girgiza masana wasan shi ne wannan: a atisayen Gagliardi ba a kai mutum ƙasa. Wasan da ginshiƙinsa kayarwa ne, sai ga koci ya ce daga Litinin zuwa Juma'a kada wanda ya kayar da wani, a bari sai ranar Asabar, ranar wasa. 'Yan wasansa kan fito atisaye da gajeren wando da kariyar kafaɗa kawai. Hujjarsa mai sauƙi ce. Yaran nan sun riga sun koyi kayarwa a sakandare. Idan ya bar su suna rafke juna kwana biyar a mako, shi da hannunsa zai karya gwanayensa kafin abokan karawa su gan su. Gwanin da ke zaune a benci da sandar guragu kuwa ba ya ci wa kowa wasa.

To me suke yi a cikin minti 90 ɗin? Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimtar mutumin, su ɗauka wasan yara ake yi. Maimaici ake yi, ba ƙaƙƙautawa. Goma sha ɗaya za su tsaya a gaban goma sha ɗaya, a gudanar da dabarar da za a yi amfani da ita ranar wasa, a sake, a kuma sakewa, cikin sauri, har sai kowa ya san inda ƙafarsa za ta taka ba tare da ya tsaya tunani ba. Lokacin da wasu ke kashewa wajen zagaye fili da ture-turen ƙarfe, shi a kan ainihin wasan yake kashe shi. Yana kuma shafe sa'o'i yana kallon fim ɗin wasannin da suka wuce, yana tsintar kurakurai. Waɗanda suka yi wasa a ƙarƙashinsa sun shaida cewa mutum ne da ya tsani a ci shi, kuma kuskuren ganganci ba ya wuce idonsa. Abin da ya sha faɗa shi ne, ba ya neman yara na daban, yana neman yara na yau da kullum waɗanda za su yi ƙananan abubuwa da kyau fiye da kowa. Ya ma bar mai jefa ƙwallo, wato jagoran 'yan wasa a fili, ya riƙa zaɓen dabarar da za a buga, a zamanin da sauran masu horarwa suka ƙwace wannan iko suka riƙe a bakin layi.

Gani ya kori ji. A Disamban 1963 Saint John's ta kai wasan ƙarshe na ƙasa na wata hukumar wasannin jami'o'i mai suna NAIA a birnin Sacramento, ta haɗu da Prairie View A&M, jami'ar baƙaƙen fata daga Texas, wadda ke da 'yan wasa irin su Otis Taylor da daga baya ya yi suna a ƙungiyar Kansas City Chiefs. Yaran ƙauyen Minesota suka ci 33 da 27. Suka sake ɗaukar kofin a 1965. A 1976, bayan sun koma rukuni na uku na NCAA, suka doke Towson State 31 da 28 a wasan ƙarshe. Daga nan kofin ƙasa ya yi musu nisa har shekara 27, duk da cewa a gida suna ta lashe na yanki. A 2000 sun kai wasan ƙarshe, Mount Union ta jihar Ohio ta ci su 10 da 7.

Sai shekarar 2003. Eddie Robinson da na ce ku riƙe sunansa ya yi ritaya a 1997 da nasara 408, kuma shi ke riƙe da kambun. Ranar 8 ga Nuwamban 2003, mako guda bayan Gagliardi ya cika shekara 77, mutum fiye da 13,000 suka cika filin Saint John's cikin sanyi mai tsanani, suka ga an doke kwalejin Bethel 29 da 26. Nasara ta 409 ke nan. Bayan makonni kaɗan ƙungiyar ta sake haɗuwa da Mount Union a wasan ƙarshe a garin Salem na jihar Virginia. Mount Union ta zo da nasara 55 a jere, ba wanda ya taɓa ta. Kusan kowa ya gama yanke hukunci. Aka tashi 24 da 6, Saint John's ce a sama, ta kuma rufe kakar da wasa 14 ba a ci ta ko ɗaya ba.

Wani abin lura shi ne yadda ilimin likitanci ya biyo sawun wannan dattijo daga baya. A ranar 1 ga Agustan 2001 Korey Stringer, ɗan wasan ƙungiyar ƙwararru ta Minnesota Vikings, ya rasu sakamakon bugun zafi da ya same shi a sansanin atisaye, a cikin jihar da Gagliardi ke aiki. Mutuwarsa ta tilasta wa ƙungiyoyi sake duba batun zafi da ruwa da hutu. A 2002 kuma wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers, ya gano wata lalacewa da ke da nasaba da yawan buguwar kai. Ya wallafa bincikensa a 2005, hukumar ƙwararru ta NFL ta fara da musantawa, daga baya gaskiya ta yi halinta. A yarjejeniyar 2011 da 'yan wasa, NFL ta rage yawan atisayen da ake karo a cikinsa. Kocin Jami'ar Dartmouth na lokacin, Buddy Teevens, ya daina barin 'yan wasansa su kayar da juna a atisaye, kuma a 2016 dukan jami'o'i takwas na rukunin Ivy League, ciki har da Harvard da Yale, suka amince da hana kayarwa a atisayen kakar wasa. Abin da aka daɗe ana kallo a matsayin bauɗaɗɗen halin wani tsoho a ƙauye ya zama doka a Harvard da Yale.

Sai dai kada in yi muku kwalliya da yawa. Akwai masu cewa tsarin nan ba zai yi aiki a manyan jami'o'i ba, inda yara ke neman shiga sahun ƙwararru, kuma kowane koci ke jin wuƙa a wuyansa idan ya faɗi wasa uku. Ba a gwada ba, domin Gagliardi bai bar Collegeville ba, don haka maganar ta tsaya a muhawara. Kuma gaskiya ne yana da wasu gata. Da sunan makarantar ya fito, iyalai a faɗin Minesota suka riƙa turo 'ya'yansu, uba ya yi wasa a hannunsa, ɗa ma ya zo ya yi. Mai yara 150 yana da zaɓin da mai yara 50 ba shi da shi. Limaman da suka ɗauke shi kuma masu haƙuri ne, ba su kore shi ba a shekarun da abin bai yi daɗi ba, irin 1967 da aka ci shi fiye da yadda ya ci. Duk da haka ina ganin waɗannan dalilai ba su rage masa komai ba. Yaran sun yi ta zuwa ne saboda sun ji labarin wurin da ake cin wasa ba tare da an wulaƙanta mutum ba, kuma ɗalibi yana gama atisaye da sauran ƙarfin da zai buɗe littafi. Kusan dukan 'yan wasansa sun kammala digirinsu, suka zama malamai da lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa. Shi kansa yana da aji da yake koyar da dabarun wasan, kuma ɗalibai har da mata daga kwalejin Saint Benedict da ke maƙwabtaka sukan yi rububin samun gurbi.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da ƙananan kwalejojin Amurka? Ai kuwa 'ya'yanmu sun bi ta cikinsu. Christian Okoye daga Inugu ya je ƙaramar jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya a matsayin mai jifan faifai, a can ya fara taɓa ƙwallon Amurka, kuma a 1989 babu wanda ya kai shi yawan yadi na gudu da ƙwallo a NFL. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kuma koyi ƙwallon kwando a can, ya buga wasa a Bismarck State College da ke Dakota ta Arewa, ƙaramar kwaleji ta shekara biyu a lokacin. Shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. A irin waɗannan makarantu, a hannun masu horarwa da ba a san sunayensu a talabijin ba, aka fara buɗe musu ƙofa.

Gagliardi ya ajiye aiki a Nuwamban 2012 yana da shekara 86, bayan kakar da ya ci wasa biyar aka ci shi biyar. Ya bar kofin yanki 30, 27 daga ciki a Saint John's, da kofin ƙasa huɗu. Wanda ya gaje shi, Gary Fasching, tsohon ɗan wasansa ne. Tun 1993 kyautar da ake ba gwarzon ɗan wasan rukuni na uku a duk shekara sunansa take ɗauke da shi, kuma a 2006 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan ƙwallon jami'o'i yana kan aiki. Ya rasu ranar 7 ga Oktoban 2018 yana da shekara 91.

Kafin in sallame ku, ina da kira ga malaman wasanni na makarantunmu da masu horar da ƙungiyoyin unguwa, musamman ga shi zafin Maris da Afrilu ba ya wasa. Ku ajiye ruwa a bakin fili, ku bar yaro ya sha duk lokacin da ya nema. Ku mayar da atisaye sanyin safiya ko bayan la'asar. Yaron da ya bugu a ka ya fara jiri ko amai, a fitar da shi, kada ya koma fili ranar, a kai shi asibiti. Iyaye kuma ku riƙa leƙawa filin da 'ya'yanku ke atisaye, ku ga yadda ake tafiyar da su.